Koren Biron 'Yata a Gaban Alƙali

Malama,

Ina gaishe ki, ina gaishe da masu karanta wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki jinkirta. Kwana goma sha biyu ya rage mu koma kotu, ni kuwa na rasa yadda zan yi da wani littafi da ke kulle a durowar shagona.

Ni mai ɗinkin littafi ne, shekara ashirin da uku ke nan ina wannan sana'a. Ɗalibai masu kammala karatu suna kawo mini aikinsu in sa masa bango, haka ma masu tsofaffin ƙamus da ɗinkinsu ya saki. Ba yabon kai ba, idan na gyara littafi, mai shi kansa ba ya gane inda na taɓa. Na faɗi wannan ne don ki fahimci abin da zan tambaye ki a ƙarshe.

Shekara biyu ke nan da muka rabu da uwar 'yata. Ba zan ɓata ta ba, uwar 'yata ce, amma ita ta tafi, ba ni na kore ta ba, kuma wata huɗu cur ta yi ba ta zo ta ga yarinyar ba. 'Yar tamu ɗaya ce, shekararta goma sha huɗu, tana fama da asma. Ni na san inda abin shaƙarta yake, ni na san irin tarin da ake jira ya wuce da irin wanda ake rufe shago a ruga asibiti. Daga baya muka daidaita, tana wurina ranakun makaranta, ƙarshen mako ta je wurin uwarta. Sai ga shi bana an canja wa uwar wurin aiki zuwa wani gari mai nisan awa shida a mota, ta shigar da ƙara wai a ba ta riƙon yarinyar gaba ɗaya. Malama, ki sa kanki a matsayina.

To ga maganar littafin. Akwai wani littafin labari na matasa da 'yan ajinsu suka haukace a kansa, labarin wata yarinya ce da iyayenta suka rabu suna ja-in-ja a kotu kan wanda zai riƙe ta. Su takwas ne ƙawayen, kwafi ɗaya gare su. Kowacce ta riƙe shi kwana uku ta miƙa wa ta gaba, kuma kowacce da launin bironta, tana rubuta ra'ayinta a gefen shafi ba tare da sa suna ba. Da ya zagaya sau biyu sai ɗinkinsa ya saki, shafuka suka fara zubewa. 'Yata ce ta ce da su babanta zai gyara musu kyauta, ya dawo kamar sabo. Ta kawo mini shi cikin leda, tana ta alfahari da ni.

A ranar na farke shi, na bi shi shafi-shafi tun daga farko har ƙarshe ina kankare tsohon gam, kamar yadda nake yi wa kowane littafi. A cikin bango sun rubuta dokarsu da manyan baƙaƙe: "Abin da aka rubuta a nan, a nan zai mutu. Wadda ta nuna wa babba, Allah ya isa." Na yi dariya, abin yara. Su kuwa ra'ayoyin, ba ki ga rashin imani ba. Mai jan biro ta rubuta a kan uwar cikin labarin: "Wannan ko kyanwa ba zan ba ta riƙo ba." Mai shuɗi ta ce: "Lauyan babi na huɗu shi ne mijina, ya iya ƙarya cikin natsuwa." Wata ta ce marubuciyar ta cika sa mutane kuka a banɗaki, ko gidan ba shi da wani ɗakin ne.

Koren biro na 'yata ne, na san hannunta. Inda uwar labarin ke kuka, ta rubuta: "Tamu ma haka take, sai ta bar ƙofa a buɗe don a ji." A wani wurin: "Ranar da aka ba ni kyauta a makaranta ta ce ciwon kai. Ciwon kan nata ya san ranaku." A shafi na sittin da ɗaya kuma: "Da ni alƙali zai tambaya, uban zan zaɓa, ko numfashi ba zan ja ba."

Malama, ban tilasta mata ta rubuta ba. Gaskiyar zuciyarta ce, kuma ni ta kawo wa da hannunta. Na ɗauki fotokofin shafi shida na kai wa lauyana. Ya karanta, ya ce zinariya na kawo masa. Yayata ma da na nuna mata ta ce da ma Allah ba ya barin mai gaskiya.

A zaman da ya wuce lauyan ya karanta su da ƙarfi, a hankali, har yana maimaita maganar ciwon kai. Wasu a baya suka yi dariya. Uwar tana zaune ta ɗora jaka a cinya, ko hawaye ba ta yi ba, ita da aka ce tana kuka don a ji. Na zaci zan ji daɗi, sai ban ji ba. Amma kada ki ɗauka baiwar Allah ce: tana fita ta ɗauki hoton shafin da waya ta tura wa yarinyar tana makaranta, ta rubuta a ƙasa, "Na gode, na ji." Wace irin uwa ce wannan? Ta haka 'yata ta sani.

Abin bai tsaya nan ba. Fotokofin ya kwaso har da rubutun sauran yaran, kuma mai jan biro ta rubuta cewa uwarta tana haɗa kayan barin gida duk wata sannan ta warware. Ban san yadda aka yi maganar ta fita ba, har ta kai gidan su mai jan biron. Yanzu ƙawayen sun daina zama da 'yata, sun raɗa mata suna Fotokofi. Idan ta shigo aji sai su rufe littattafansu.

A gida tana gaishe ni, tana cin abinci, duk abin da na ce sai ta ce to. Ta daina ce mini Baba, ba ta kirana da komai. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Sau ɗaya ta yi mini tambaya, ko an gama gyaran littafin, don ba nata ba ne ita kaɗai. Washegari na tarar da koren biron a shago, cikin gwangwanin da nake ajiye allurai.

Yanzu lauyan uwar ya nemi a kawo littafin gaba ɗayansa, alƙali ya amince, kuma ya ce zai gana da yarinyar ita kaɗai a ofishinsa. Sai bayan wancan zaman na lura akwai wani rubutun nata can wajen ƙarshe. A shafi na ɗari da sittin da uku, inda ake maganar uban labarin, ta rubuta: "Nawa ba ya duka, ba ya zagi, tambaya yake yi. Kafin in cire takalmi ya san duk wanda ya zo gidan Mama." Gaba kaɗan: "Idan ya saya mini abu sai ya tsaya yana kallon fuskata har sai na yi murnar da yake so." Sannan: "Na janye abin da na ce a shafi na 61. Yarinyar nan ba zaɓi take so a ba ta ba, so take a ƙyale ta." Ni da na rufe shago sau nawa saboda ita!

Ga inda sana'ata ta shigo. Littafi ba shafi-shafi ake ɗinka shi ba, dami-dami ne, kowane dami shafi goma sha shida. Duk waɗannan maganganun suna cikin dami na goma sha ɗaya. Na sayi sabon kwafi. Zan iya zare damin daga cikinsa, in ɗan tsufar da takardar, in ɗinke shi a gurbin wancan, ba mai ganewa. Abu ɗaya ke hana ni. A cikin damin nan, inda uban labarin ya ɗauki wayar 'yarsa ya kai wa lauya saƙonninta, 'yata ta rubuta: "Nawa dai duk halinsa ba zai taɓa yi mini wannan ba. Ku shaida." Mai jan biro ta amsa a ƙasa: "Za mu gani." Ki ga, wannan layin yabona ne, ya nuna ta yarda da ni, zai yi mini amfani a gaban alƙali. Amma ba zan iya cire sauran in bar shi ba, takarda ɗaya ce a naɗe.

Tambayata biyu ce. In canja damin in haƙura da layin, ko in bar shi? Kuma ta yaya zan lallaɓa ta ta tsaya a kan maganarta ta shafi na sittin da ɗaya idan alƙali ya tambaye ta? Ba mugunta nake nufi ba, Malama. Ba na so in rasa 'yata ne kawai.

Naki,
Mai Zare da Allura

*

Malam Mai Zare,

Na gode da wasiƙarka. Tsoronka na gaske ne. Uban da ya iya bambanta tari da tari bai cancanci a mai da shi baƙon hutu ba, kuma awa shida a mota ba wasa ba ce. Abin da uwar ta yi, na tura wa yarinya hoton nan tana tsakiyar aji, mugunta ce. Ta sami rauni sai ta juya ta soki wadda ta fi kusa. Da ita ta rubuto mini, da ta ji nata. Amma kai ka rubuto.

Bari in fara da gyara ɗaya, aikina ne. Ka ce sai bayan zaman kotu ka lura da rubutun ƙarshen littafin. A farkon wasiƙar kuwa ka ce tun ranar farko ka bi shi shafi-shafi har ƙarshe kana kankare gam. Mutumin da ya ga koren biro a shafi na sittin da ɗaya bai makance a na ɗari da sittin da uku ba. Ka karanta duka, ka zaɓi shida. Har layin da ta ce ba za ka taɓa yi mata haka ba ka karanta, sannan ka ɗauki shafukan ka nufi injin fotokofi. Idan ba za ka iya faɗa mini wannan ba, ni da ban san fuskarka ba, yaya za ka faɗa mata?

Layin da kake kira yabo ba yabo ba ne yanzu. Yarinya ta tsaya a gaban ƙawayenta bakwai ta yi maka shaida, wata ta ce za mu gani, kuma sun gani. Abin da ya sa ake ce mata Fotokofi ke nan. A duk littafin babu layin da zai fi yi maka illa a gaban alƙali, kuma kai kaɗai ne za ka karanta shi ka ji daɗi.

Na karanta irin waɗannan littattafan da dama, mai yiwuwa har da wannan. Yawancinsu dabararsu ɗaya ce: su sa mai karatu ya tsani uwa a rabin farko, ya tsani uba a rabi na biyu, a ƙarshe ya gane yarinyar ce ke shan wahala. 'Yarka ta bi hanyar nan daidai, ta yanke hukunci, ta ci gaba, ta dawo ta janye. Sunan wannan karatu, kuma ta iya shi. Ra'ayin shafi na sittin da ɗaya ra'ayin wadda ba ta gama littafi ba ne, ta rubuta shi don ta ba ƙawayenta dariya, a wurin da aka yi alkawari babba ba zai gani ba. Kai ka mai da shi rantsuwa. Na kuma lura ka haddace duk abin da ke gefen shafi, amma ba ka nuna ka karanta abin da ke tsakiyarsa ba.

Tambayarka ta farko: kada ka taɓa damin nan. Kotu ta nemi littafin, canja shi ɓata shaida ne, kuma hukuncinsa na iya wuce rasa riƙo. Ka ce ba mai ganewa. Littafin da hannu takwas ya cika da rubutu, sai a tarar da shafi goma sha shida fes a daidai inda uban ya yi laifi? Ko alƙali bai gane ba, yara takwas sun san abin da suka rubuta, ɗaya daga cikinsu kuma za ta zauna a ofishinsa. Za ka sa ta zaɓi tsakanin yin ƙarya dominka da tona maka asiri.

Tambayarka ta biyu ba ta da amsa, don bai kamata a yi ta ba. Kada ka lallaɓa ta, kada ka tambaye ta abin da za ta faɗa, kada ka tambaye ta abin da ta faɗa bayan ta fito. Ta riga ta rubuta maka cewa tambayarka ce ke gajiyar da ita. Ka gaya wa yayarka ma ta kama bakinta.

Ga abin da za ka yi. Ka ɗinke littafin da shafukansa na asali, duka, da mafi kyawun aikin da hannunka ya iya. Ka je wurin lauyanka ka ce kana so a nemi izinin janye shafuka shidan nan. Idan doka ba ta bari ba, a roƙi kotu kada a sake karanta komai a bainar jama'a, alƙali ya duba shi kaɗai, a kuma rufe rubutun sauran yaran, don ba su da ƙara a gaban kowa. Idan lauyan ya sake ce maka zinariya, ka tuna shi gida zai koma wurin nasa 'ya'yan.

Kafin littafin ya bar shagonka, ka zauna da ita. Ka ce mata ka karanta duka, ka zaɓi abin da zai amfane ka, ka ci amanarta, kuma ka yi tunanin canja shafuka ka fasa. Kada kalmar "amma" ta shiga ciki, kada sunan uwarta ya fito. Ka gaya mata duk abin da ta faɗa wa alƙali, ɗakinta yana nan yadda ta bar shi. Sannan ka yi shiru. Mai yiwuwa ta ce to ta tashi. Ka bar ta. Ka kuma je da ƙafarka gidan yarinya mai jan biro ka ba iyayenta haƙuri, ka roƙe su su sanar da 'yarsu cewa 'yarka ba ta nuna maka komai ba, gyara ta kawo. Wannan kaɗai zai iya dawo mata da wurin zamanta a aji. Uwar ma tana da haƙƙin jin layi ɗaya daga gare ka: akwai sauran shafuka, kuma yarinyar ta janye maganarta. Ka san wannan tun ranar da ake mata dariya a kotu.

Ba zan ruɗe ka ba, idan ka yi duk wannan za ka iya faɗuwa a shari'ar. Alƙali zai ga ka yi zaɓe, yarinyar kuma tana iya cewa a kai ta wurin uwarta, ba don ta fi son ta ba, don ta huta da kai. Amma riƙon da kuke faɗa a kansa saura 'yan shekaru ya ƙare da kansa. Bayan nan ba alƙalin da zai sa ta ɗaga wayarka. Ka ce ba ka so ka rasa 'yarka. Tana kwana a gidanka yanzu haka, kuma ba ta kiranka da komai.

Sabon kwafin da ka saya, kada ka farke shi. Ka karanta shi daga farko har ƙarshe, ka yi shiru da ra'ayinka sai an tambaye ka. Koren biron kuma ka bar shi cikin gwangwanin allurai inda ta ajiye. Kada ka mayar mata, kada ka saya mata sabo ka tsaya kana kallon fuskarta. Idan wata rana ka buɗe shago ka tarar ba ya nan, kada ka tambaya.

Allah ya ba yarinyar lafiya da sauƙin zuciya, ya ba ka ƙarfin ɗinke littafin nan yadda aka kawo maka shi.

Mai Filin